Aikin kaset ɗin Kawu da waƙoƙin da ke karkata kunne ɗaya

2 ga Nuwamba, 2024

Aikin dai shi ne kwashe kaset-kaset da faya-fayan Kawuna zuwa kwamfuta, daga can in zuba masa a memorin waya. Kwali-kwali ne wallahi, tun yana aiki a Bukuru yake tara su, akwai Ɗanmaraya akwai Shata, akwai waƙoƙin Indiya, akwai na Turawa na shekarun 1960 zuwa 1970, har da wa'azi da shirye-shiryen rediyo da ya riƙa naɗa da kansa. Kwashewar ba ta ba ni wahala ba, dek ɗin kaset na samo wajen wani mai gyaran rediyo a Dilimi cikin Jos, an canza masa bel yana juyawa lafiya lau. Inda gizo ke saƙar shi ne Kawu yanzu ba ya sauraro da sifika, gida ya cika da jikoki ba sa barin mutum ya ji komai, sai da hedifon, kuma abubuwan da na fara tura masa duk ya dawo min da su wai waƙa ta karkace, wata murya na dama kiɗa na hagu, wata kuma gaba ɗaya ta tattara ta koma kunne ɗaya. Na saka nima na ji, da gaskiyarsa. Kafin waƙa biyu su ƙare kai ya fara nauyi.

Don haka aiki ya zama biyu. Doka ɗaya na kafa ma kaina tun yanzu, asalin abin da na ɗauko daga kaset ba na taɓa shi. Fayil ɗin sauti ne ɗanye, WAV 44.1 kHz, yana cin wajen MB 10 duk minti, kaset mai minti 90 sai ya kusa cinye GB ɗaya, in na gama sai in matse shi ya zama FLAC ya ragu kusan rabi ba a rasa komai ba. Duk wani gyara a kan kwafi zan yi.

9 ga Nuwamba

Kafin a zargi waƙa sai an fara wanke kayan sauraron. Hanya mai sauƙi ita ce ka kunna abin da ka tabbata mono ne, wato abu ɗaya ke fita hagu da dama, ba sitiriyo ba da kowane gefe ke da nasa, saƙon murya na WhatsApp ma ya isa, in kayan lafiya suke muryar za ta zauna daram a tsakiyar kai, in ta zame gefe to ba waƙa ce da laifi ba.

Iyafis biyu gare shi, duka biyun da matsala. Na farkon ragar hagu ce ta toshe da dattin kunne da ƙura, na sa tsohon buroshin haƙori a bushe na kankare ina riƙe da shi baki ƙasa don kar dattin ya faɗa ciki, sai ga sauti ya dawo. Na biyun ya fi ban mamaki, kiɗa na fita amma muryar mawaƙi ta yi can nesa, sai ka danna maɓallin amsa kira ka riƙe sannan ta dawo. Wannan matsalar fulogi ce. Fulogin iyafis mai zobe uku tsari biyu ake yinsa, CTIA da OMTP, wajen wayar makirfo da ta ƙasa suka saɓa, in aka haɗa wanda bai dace da wayar ba abin da ke zuwa kunnenka shi ne bambancin hagu da dama kawai, duk abin da ke tsakiya ya soke kansa, murya kuwa a tsakiya ake ajiye ta. Haka ma yake faruwa in kwas ɗin waya ya hana fulogi shiga har ƙarshe, a duba wannan kafin a jefar da iyafis.

Sai tsohuwar amfilifayarsa. In ka rage bolum ƙasa sosai gefe ɗaya na riga ɗaya mutuwa, haka maɓallan nan masu juyawa suke, layi biyu ne a ciki kuma can ƙasa ba sa tafiya daidai. Maganin shi ne a rage daga kwamfuta a ɗaga maɓallin ya kai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya in ka ɗauke shi kamar fuskar agogo.

Na saya masa hedifon mai rufe kunne a Terminus, a shagon na gwada da saƙon murya kafin in biya, mai shagon yana ta kallona.

10 ga Nuwamba

Babu wuta tun jiya. Na dai zauna na ware kaset-kaset, na Hausa gefe, na Indiya gefe, na Turawa gefe, waɗanda tef ɗinsu ya tsinke kuma daban.

17 ga Nuwamba

Makon nan na Hausa na kama, kuma abu ɗaya ya yi ta maimaita kansa, a mitar Audacity, manhajar gyaran sauti da nake aiki da ita, sandar hagu kullum tana ƙasa da ta dama kuma ita ke yawan ɗaukewa tana dawowa. Dalilin yana jikin kaset ɗin. Philips ne ya fito da shi a 1963, faɗin tef ɗin milimita 3.81 ne kacal yana tafiyar santimita 4.76 a sakan, kuma cikin ɗan faɗin nan aka yanka layi huɗu, biyu na gefen A biyu na gefen B. Layin hagu shi ne a baki-baki, na dama yana ciki. To kaset ɗin da ya sha zafin mota, rediyo ta taɓa tauna shi aka jawo aka naɗe da biro, bakin ne ke fara lanƙwashewa, kenan hagu ke fara shan wuya.

Abu na farko goge hed, ɗan ƙarfen nan da ke karanta tef. Auduga da sifirit, gogewar farko audugar ta fito jawur kamar an dangwala ta a ƙasa, sai da na yi ta canzawa har ta fito fara, na goge robar da ke jan tef ɗin ita ma. Na biyu kuma, wanda shi ne ya fi kawo canji, saita tsayuwar hed ɗin. A gefensa akwai wani ɗan ƙaramin sukuru da aka ɗiga ma jan fenti, shi ke karkata hed ɗin ya daidaita da layin da ke kan tef. Kowane kaset da yadda injin da ya naɗe shi ya tsaya, balle namu da aka yi ta kwafa daga dabul dek zuwa dabul dek a kasuwa. Yadda nake yi, sai in haɗe hagu da dama su zama mono a kunnena, in sa sikundireba in juya kaɗan-kaɗan ba ya kai kwata ba, ina sauraron "s" da "sh" na bakin mawaƙi, akwai wajen da za ka ji sun buɗe tar, ka wuce kaɗan su sake dushewa, sai ka dawo ka tsaya a nan. Kowane kaset sai an yi masa nasa, aiki ne na haƙuri.

Kaset ɗin Ɗanmaraya da na Shata da ke hannuna kusan duk mono ne asalinsu, ko da an rubuta sitiriyo a kwali. Gwajin ba wuya, ka raba layin biyu a Audacity, ka yi ma ɗaya Invert, wato ka kifar da shi, ka kunna su tare, in kusan komai ya ɓace sai shuuu na tef to abu ɗaya ne a layi biyu. Irin waɗannan ba na wahalar da kaina da daidaita ƙarfi, layin da ya fi lafiya nake ɗauka, yawanci na dama, in watsar da ɗayan in fitar da shi mono. Ɗanmaraya mutum ɗaya ne da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, me za a raba hagu da dama? Allah ya jiƙansa, tun 2015 ya rasu amma da na gyara kaset ɗin farko sai ka ji har ƙarar yatsansa a kan tsirkiya.

Akwai wani akwati a Normalize na Audacity da ke daidaita hagu da dama kowa daban, yana da amfani ga kaset ɗin sitiriyo na gaske da gefe ɗaya ya yi rauni, amma tsinin sauti yake dubawa, in akwai ƙas guda ɗaya mai ƙarfi a gefe ɗaya zai ruɗe shi. Na fi yarda da kunnena da mita, in ƙara ma hagu dB 2 ko 3 (ma'aunin ƙarfin sauti) da hannu har murya ta zauna tsakiya.

24 ga Nuwamba

Faya-fayan Turawa kuma wani labari ne daban, waɗannan ba lalacewa suka yi ba, haka aka yi su da gangan. Akwai na Beatles a cikin kayan Kawu, ka saka hedifon mawaƙa duk suna kunnen dama, ganguna da jita duk suna hagu, tsakiya wayam. Kamar ka hau bayan tasi daga Terminus zuwa Bukuru aka sa ka tsakanin mutum biyu kowa na zuba maka nasa labarin a kunnen da ke gefensa.

Sitiriyo dai wani injiniyan kamfanin EMI a Ingila, Alan Blumlein, ya yi masa rajista tun 1931, amma faifan sitiriyo bai shiga kasuwa sosai ba sai 1958. A shekarun farkon nan na'urar ɗaukar sauti layi biyu ko uku ko huɗu gare ta, kuma mikisa da yawa ba su da maɓallin da za ka juya ka ajiye kaya inda kake so, makunni ne mai matsayi uku, hagu, tsakiya, dama. Faya-fayan Beatles biyu na farko a 1963 a kan layi biyu aka ɗauke su, kiɗa a ɗaya murya a ɗaya, don a ji daɗin haɗa su a mono, shi ne abin da jama'a ke saye a lokacin kuma shi aka fi ba kulawa. Da aka zo fitar da sitiriyo sai aka jefa wannan layi hagu wancan dama aka wuce wajen. Ba su yi tunanin wani zai cusa abin a kunne ba, hedifon bai zama na kowa da kowa ba sai da Sony ya fito da Walkman a 1979.

A sifika abin ba ya damun kowa, Kawu ma ya ce shekara da shekaru yana jin faifan nan a falo bai taɓa lura ba. Saboda sifikar hagu ba kunnen hagu kaɗai ke jinta ba, na dama ma yana ji, sai dai a makare kaɗan kuma a dushe. Sauti na tafiyar wajen mita 343 a sakan, tsallaka kan mutum bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, iyakarsa wajen 0.6 zuwa 0.7 na milisakan in abu yana gefenka sak, in kuma sifika ce a kusurwar digiri 30 kamar yadda ake jera su, wajen kwatan milisakan. Kai yana tare siririn sauti, amma mai kaurin nan na bes zagayawa yake ya isa ɗaya kunnen kusan da ƙarfinsa. Da waɗannan biyun, makara da dushewa, ƙwaƙwalwa ke gane inda sauti ya fito, Lord Rayleigh ya yi bayanin haka tun 1907. Hedifon kuwa ya yanke duk wannan, abin hagu na hagu ɗari bisa ɗari, kuma a duniya babu inda za ka tsaya ka ji bes da kunne ɗaya ɗayan bai ji ko ɗis ba. Shi ya sa kai ke gajiya, kuma na lura waƙar da aka jefa bes da ganga gefe ɗaya ta fi wadda aka jefa murya saurin gajiyarwa.

1 ga Disamba

Abin da kowa zai ce shi ne a kunna mono a huta. Akwai shi a waya, Android da iPhone duka a cikin Accessibility, Mono audio, Windows ma yana da shi. Na gwada, ga irin na Beatles ɗin can yana aiki, komai ya dawo tsakiya ciwon kai ya tafi. Amma ban bar shi ba, don shi makunnin ba ya zaɓe, duk abin da wayar ta kunna sai ya matse shi, har waƙoƙin ƙarshen shekarun 1970 da aka jera kayan kiɗa da kyau kowa da mazauninsa, garin neman gira a rasa ido kenan. Ga shi abin da ke tsakiya yana ƙara ƙarfi in an haɗe, na gefe su ja baya, ma'aunin da mai haɗa waƙar ya yi ya canza.

Kaset ɗin Indiya kuma wasu sitiriyon ƙarya ne. Tsohuwar waƙa ce mono aka raba ta da na'ura don kasuwa, mai kauri aka tura gefe ɗaya siriri ɗaya gefen, Turawa ma sun yi irin wannan sosai a shekarun 1960, kamfanin Capitol har suna ya sa ma nasa, Duophonic. Wanda rabon kauri da siriri ne kawai in ka haɗe shi yana dawowa kusan yadda yake. Wanda aka jinkirta gefe ɗaya kuma in ka haɗe sai sautin ya zama fanko, wasu muryoyin su cinye juna, irin wannan gara ka ɗauki gefe ɗaya ka gyara masa kauri da ikwalaiza.

Matsakaicin da na samu shi ne ɗiban kwata. Sabon hagu ya zama 0.75 na hagu da 0.25 na dama, sabon dama kuma akasin haka, faɗin ya ragu rabi amma har yanzu ka san ina jita take ina fiyano take. A kwamfuta manhajar saita sauti ta Equalizer APO na sa, layi ɗaya ne:

Copy: L=0.75*L+0.25*R R=0.25*L+0.75*R

Ya fi mono nesa ba kusa ba, sai dai har yanzu komai a cikin ƙoƙon kai yake zaune a layi ɗaya daga kunne zuwa kunne.

14 ga Disamba

Sanyi ya sauko sosai, da safe yatsu ba sa son riƙe sikundireba, hedifon ɗin ma ya zama abin ɗumama kunne.

Kurosfid na zauna a kai. Shi ma ɗiba ne daga wannan gefe a zuba a wancan, amma ba ɗanye ba kamar na kwata ɗin can, ana tace shi a bar mai kaurin ya wuce a rage siririn, kuma ya iso a ɗan makare, wato ana kwaikwayon abin da kan mutum ke yi ma sautin sifika. Ba sabon abu ba ne, Benjamin Bauer ya wallafa da'irar lantarkinsa a 1961, Siegfried Linkwitz ya fitar da tasa a 1971, daga baya Chu Moy da Jan Meier suka yi nasu gyaran. Na manhaja da ya fi yawo shi ne bs2b na Boris Mikhaylov, kyauta ne, kuma saiti uku ya zo da su: 700 Hz da 4.5 dB, sai 700 Hz da 6 dB mai kama da na Chu Moy, sai 650 Hz da 9.5 dB mai kama da na Meier. A kula, lambar dB ɗin tazarar da ke tsakanin naka da wanda aka zubo maka ce, ƙaramar lamba ita ce zubi mai yawa, kenan 4.5 ya fi ƙarfi 9.5 ya fi sauƙi.

Farkon kunnawa za ka ce an rage ma waƙa armashi, faɗin ya tsuke bes ya ɗan saki. Ka bar shi waƙa uku huɗu sannan ka kashe, a nan ne za ka ji yadda ake jan kunnuwanka gefe biyu. Ga faya-fayan shekarun 1960 na tsaya a kan 4.5, sauran kuma 9.5 ya ishe ni, na 6 ɗin ban ga inda ya fi su ba a kayan da ke gabana duk da mutane sun fi yabonsa. Kuma fa akwai waƙoƙin da ko 4.5 bai ishe su ba, irin masu murya can gefe ita kaɗai, don kurosfid mai kaurin ya fi tsallakawa da shi, saman muryar yana nan inda yake. Waɗannan sai na fara rage faɗin da ɗiban kwata sannan in ɗora 9.5 a kai.

Abin da ya fi min daɗi shi ne ba sai an ƙona shi cikin fayil ba. A wayar Kawu na sa manhajar kunna waƙa ta foobar2000, akwai Meier Crossfeed a cikin saitinsa, ran da ya ga dama ya haɗa da sifika sai a kashe, don in aka bar shi a kunne a sifika an yi zubi sau biyu kenan.

21 ga Disamba

Na kai masa wayar bayan la'asar, yana zaune a ƙofar gida cikin rigar sanyi da hula har kunne. Na sa masa kaset ɗin Shata da na tabbata mono ne tsaf, abu ɗaya ke fita hagu da dama. Ya saurara ya ce, "Ya yi kyau, amma har yanzu yana dama fa."

Na ce, "Kawu ku juya hedifon ɗin, na dama ya koma hagu."

Ya cire hula ya juya ya mayar, ya yi shiru yana kallon ƙasa. "Kai yaro, yana nan dai inda yake."

Na karɓa na saka a nawa kunnen, tsakiya daram. In ka juya hedifon karkatar ta bi shi ta koma ɗaya gefen, laifin kaya ne ko fayil, in ta tsaya inda take to kunne ne. Na faɗa masa a hankali, ya ce ai ya daɗe da sanin in zai amsa waya dama yake kaiwa, wai tun zamanin injuna a wajen aiki. A wajen Mono audio ɗin nan akwai sandar Audio balance, na riƙa ja hagu kaɗan-kaɗan yana ɗaga min hannu, har ya ce tsaya nan, ya zo tsakiya. Wannan a waya na bar shi, ban sa a fayil ko ɗaya ba, don jikoki ma za su ji kuma nasu kunnen lafiya lau.

Abin da ya dame ni shi ne bolum, saboda hagun ba ya ji sosai sai ya ƙure shi, mai lafiyar ke shan dukan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dB 80 na awa 40 a mako shi ne iyaka ga babba, abin da na tarar a wayarsa kuwa daga inda nake zaune ina jin waƙar. Da aka daidaita sandar da kansa ya rage. Na roƙe shi mu je wajen likitan kunne, don wani lokaci datti ne kawai ya taru a wanke a huta, ya ce sai bayan sabuwar shekara, na haɗa shi da Inna dai, ita ba ta mantuwa.

4 ga Janairu, 2025

Na gwada manhajojin nan masu raba waƙa gida-gida. Akwai Spleeter da Deezer ya saki a 2019, akwai Demucs, suna ware murya da ganga da bes da sauran kaya kowa a layinsa, daga nan ka sake jera su yadda kake so. Da irin wannan dabarar ce, amma ta mutanen mai shirya fim Peter Jackson, Giles Martin ya sake haɗa faifan Beatles mai suna Revolver a 2022, kuma nasu ya fita fes. Nawa a laftof ɗina dai waƙar minti uku sai fanka ta yi ta ihu, murya da bes sun dawo tsakiya da kyau amma kuge yana wani ɓurɓura a bayansu, kuma da na ba shi waƙar Indiya tabla ta rabu biyu rabi a ganga rabi a bes. Na ajiye shi ga 'yan waƙoƙin da komai ya gagara, ba zan bi kwali guda da shi ba.

Yadda foldodi suka tsaya yanzu, akwai ta asali a hard disk biyu ba a taɓa ta, akwai ta gyaran kaset wadda ita ce aka daidaita ƙarfi ko aka mayar mono, ita ke zuwa waya, sai wata ƙarama ta waƙoƙin da na ƙona ma ɗiban kwata a ciki, na sa musu alama a suna don kar su cakuɗe. Na Hausa sun kusa ƙarewa, na Indiya na ci rabi. Faya-fayan garmaho da suka rage suna jiran allura, wadda ke kai ta cinye gefe ɗaya har tana sa dama karkarwa, wani abokina da ke Abuja ya ce zai duba min. Sai kuma masu tsinkakken tef, ina neman selotef ɗin haɗa tef na gaske, don na ofis ɗin nan yana narkewa ya manne a hed. In ban samu ba zuwa ƙarshen wata zan fara da na wa'azin, su Kawu ya fi tambaya.